Kuɗin Ruwa

Ranar Juma'a na kulle ofis a Victoria,
na naɗe taswira na tura a jaka,
na bi jirgin yamma zuwa Praslin.
Teku a kwance yake, ni ce nake tangaɗi.

Na iske babana Philibert a bakin yashi,
ya tanƙwashe ƙafa yana ɗinkin koma,
zare a haƙori, gishiri a gira.
Bai ɗago ba ya ce, "Wilna, kin rame.
Lissafi ba ya riƙe ciki, zo ki ci kifi."

Na ce, "Baba, bashi ya yi wa ƙasa katutu.
Masu binmu sun ce za su sassauta,
su rage mana kuɗin ruwa,
in mun bar wani yankin teku ya huta:
ba koma, ba ƙugiya, ba rurin inji,
har murjani ya farfaɗo, kifi ya hayayyafa."

Ya yi dariya har zaren ya faɗi.
"Kuɗin ruwa! Shekara arba'in da ɗaya
ina cin kuɗin ruwa da gumina,
da shi na sai miki takalmin makaranta.
Yau kin dawo da wani mai suna irin nasa
wanda ko jiƙa tafin hannu ba ya yi.
Bashi hanji ne, na sani, yana cikin kowa,
amma yaushe na ci wannan?
Wa ya tambaye ni ranar da aka karɓo?"

Ban da amsa.
Na shimfiɗa taswira a bayan kwalekwale,
na danne kusurwoyinta da ɓawon kwakwa.
Ga jan layin da na ja da hannuna
a ɗaki mai sanyi, hawa na uku,
inda ba a jin ƙarnin komai.

Ya daɗe yana kallo.
Wani tsuntsu ya sauka, ya gaji, ya tashi.

"Wa ya ce miki nan suke zuba ƙwai?"
Na ce, "Masana, da na'urarsu."
Ya ce, "Sun zo da rana.
In kifi ya fito ya ce kada ido ɗaya gare shi,
wa zai musa? Miƙo alƙalamin."

Sai ya ja layin gaba, bayan baƙin dutse,
kan ramin da bai taɓa nuna wa kowa ba,
ko Joachim da suke raba taba,
ko mahaifiyata har ta koma ga Ubangiji.
Daga ramin nan aka yi rufin gidanmu.
"Nan ne," ya ce. "In wata ya cika,
ruwan har kauri yake yi saboda ƙwai.
In za ku rufe, ku rufe gaskiya."

Na ce, "Baba, to kai fa?"

"Ni? Sharaɗina ɗaya, rubuta.
Rarar kuɗin nan kar ta ƙare a otal,
ana shan shayi ana tafa wa juna.
Ina son injin ƙanƙara mai aiki da rana
a nan, gindin bishiyar can,
don ɗan abin da muka kamo daga nesa
ya daina ruɓewa kafin azahar.
A ba yaran Joachim rance mai sauƙi.
In na ga shiru, na san hanyar dutsen,
ko da dare, ko ba fitila."

Ranar Litinin na koma da taswira.
Shugabata ta ɗaga ta da yatsu biyu:
ga maiƙon kifi, ga layi a karkace,
ga ɓamɓaroki ɗaya manne a gefen arewa.
Ta ce, "A sake bugo mai tsabta."
Na ce, "Ranki ya daɗe, wannan ce mai tsabtar."

Har yau ban san ko injin zai zo ba.
Takardarsa tana tebur na huɗu.
Kowace safiya nakan je in tsaya a kanta,
kamar yadda yake tsayawa a kan yashi
yana karanta fuskar ruwa.