Ashirin Ƙasa da Gaskiya

Ruwan Valdivia ba ya sallama.
Kwana uku ke nan yana dukan kogi,
mu kuwa muna falwaya ta tara,
a titin da ke gangarawa wajen masu kifi.
Eliana Huenchumil na sama cikin kwandon mota,
ni ina ƙasa da littafin lambobi
wanda ya jiƙe har aikin jiya ya narke.

Ta kwance murfin amfilifaya, noti huɗu,
ta soka wayar mita a ramin gwaji.
"Ramin nan ba maƙaryaci ba ne," in ji ta,
"rowa gare shi. Desibel ashirin yake ɓoyewa.
Abin da ya nuna maka, ƙara masa ashirin."

Na sani. Ranar Talata na biya kuɗin sanin.
Na ga lamba ta yi ƙasa, zuciyata ta bi ta,
na zare abin rage ƙarfi, na sake wa sigina linzami.
Amfilifaya ta ƙoshi har ta shaƙe.
Layi guda, fuskokin 'yan ƙwallo suka farfashe,
Anselmo mai gyaran kwale-kwale ya fito da silifa ɗaya
ya tambaye ni wanda ya ba ni tsani.

Yau kunnena na kan rediyo.
Reinaldo daga babbar tasha ya saki shara:
ɗigo-ɗigo tana bin tsakanin tashoshi,
kanta a sunkuye, ƙasa da muryar masu gida.
In ta ɗaga, mai kallo zai ji tsintsiya a ƙafarsa.
In ta cika ladabi, hayaniya ta haɗiye ta,
mu tsaya muna awon ƙura.
Share ɗaki ne, mai ɗakin na barci.

Da asuba muka ɗauki ma'auni a tushen layi,
shi muke goyo daga falwaya zuwa falwaya.
Kebul yana cin siririyar murya fiye da kakkaura,
don haka kowace amfilifaya sai a karkata ta,
kamar mai dakon ruwa a hawan tudu.

Sai ga zanen ya faɗa rami
can wajen tashoshin sama, wawakeke.
Hannuna ya tafi jakar kayan ƙari.
Ba ta ko dube ni ba.
"Rijiya ba ta cika da ihu. Nemo inda take yoyo."

Taku arba'in baya muka same shi:
mahaɗi ya yi kore, ruwa ya kwana a ciki.
Ta yanke, ta fere, ta ɗaure sabo,
yatsunta sun yi fari don sanyi.

Saura hanyar komawa, wadda ba a wasa da ita,
inda gidaje ɗari ke magana ta maƙogwaro ɗaya.
Na lissafa a bayan hannuna, da ashirin ɗin a ciki,
na zuba daidai abin da aka ce, ban ƙara ko ƙwaya ba.
Rediyo ya yi tari. "Ya iso," in ji Reinaldo.

Zanen ya kwanta. Ba sumul ba,
akwai ɗan tudu da muka bar wa gobe.

Muna naɗe igiya na hango tagar Anselmo,
shuɗin haske na motsi a labule.
Bai fito ba.
Eliana ta miƙo min ragowar shayinta,
ta ce falwaya ta goma tawa ce.