Wadda Ta Rage

A Yawatmal, inda ƙasa take baƙa kamar gindin tukunya,
Bhaurao ya fasa ƙwallon auduga da farce.
Ga tsutsa a ciki, launin dasashin jariri,
ta cinye gurya, ta kwanta a gurbinta.

Shekarar da ya fara goya tankin feshi
murfi ɗaya a ruwa ya wadatar.
Gari ya waye, gawa a kan kowane ganye,
har gizo-gizo, har zanzaro, duk an haɗa.
Da kakar nan ya sayi keke,
ya jera fitilun Diwali har bakin rijiya.

Bai ga wadda ta rage ba.
Wa ke ƙirga ɗaya cikin dubu?
Ba ta fi 'yan'uwanta wayo ba,
ba ta sha bauri ba, ba wanda ya tsima ta.
Haka aka ƙyanƙyashe ta
da ciki mai narkar da dafi kamar kunu.
Ta farka, gona wayam,
ba abokin rabo, ba mai farautarta.
Ta yi fiffike, ta sami miji irinta,
ta zuba ƙwai a bayan ganye,
kowanne da gadon cikin uwarsa.

Murfi biyu.
Murfi uku.
Mai shago a Ghatanji ya sauya kwalba,
ja ta koma shuɗiya,
bashi ya ci shafi, ya juya baya.
Kafin auduga ta yi fari sau ɗaya
tsutsa ta ga tattaɓa-kunnenta.

Jikarsa Kaweri, da ke karatu a Akola,
ta tsuguna gefensa ta ce,
"Kai ne rariyar.
Kowane feshi tankaɗe ne:
gari ya zube, tsaki ya tsaya sama.
Shekara ashirin kana zaɓa musu iri
yadda kake zaɓen na shuka."

Ya dubi tafin hannunsa
inda magani ya cinye zanen fata.
"Ashe ni na yi kiwonta."

"Bar musu kunya biyar ba feshi," in ji ta,
"ragwaye su rayu, su auri jarumai,
jinin ya sirke."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.
"In ciyar da ɓarawo
don ɗansa ya tashi rago?"

Ba ta amsa ba.
Tanki na rataye a reshen dalbejiya,
bakinsa na ɗiga a hankali.
Tsutsa ta gangaro daga yatsansa,
ta nufi ƙwallo na gaba.