Ɗakin da ke Saman Gidan Burodi

Shekara tara Baba yana zuba kuɗi a gwangwanin madara
bayan shagonsa na gyaran birki a Arekifa,
wai ranar da ƙasarmu ta shiga babbar gasa,
ko a bangon duniya ake bugawa, sai ya je.
Ga mu a Porto, ni da shi,
da jaka biyu, da gwiwarsa ta hagu da ba ta jin magana.

Otal na farko yana kallon filin wasa ido da ido.
Yaron kan teburi ya faɗi kuɗin kwana ɗaya,
Baba ya sa ya maimaita,
sannan ya raɗa mini, "Eulalia, wannan kuɗin injin mota ne.
Barci na zo yi, ban zo sayen ginin ba."

Na biyu arha kamar a ce kyauta.
Gado goma sha biyu, wani kan wani,
samari sun shafa fenti a fuska tun wasa na sauran kwana uku,
ganga a ƙarƙashin filo, safa rataye jikin taga.
Baba ya dubi tsanin gadon sama, ya dubi gwiwarsa,
su biyun suka yanke shawara ba da ni ba.

Magariba ta same mu a ƙarshen gari,
inda jirgin ƙasa ke juyawa don ba sauran tasha.
Wata takarda a ƙofar gidan burodi,
ruwan sama ya lashe rabin rubutunta.
Dona Ermelinda, fulawa har gwiwar hannu,
ta ce ɗakin ɗanta ne, aiki ya kai shi Faransa,
ruwan zafi sai da safe,
tanda na tashi ƙarfe huɗu na asuba,
kuma ita ba ta son ihu bayan sha ɗaya.

Na yi lissafi: minti hamsin zuwa fili,
canjin jirgi biyu, matakala goma sha bakwai.
Na ce a'a.
Baba bai ji ni ba, yana bakin taga.
Can ƙasa, tsakanin coci da kwandon shara,
yara shida ne ke murza leda,
jakar makaranta biyu ce ragarsu,
mai tsaron gidan wata yarinya ce da tabarau.
Ya ce, "Nan."

Ranar wasa gwiwar ta kumbura kamar kwaɓin da ya kwana.
Ya gwada takalmi, takalmi ya ƙi.
Bai yi dogon jawabi ba,
ya miƙa tikitinsa ga Telmo, yaron tanda,
wanda aka haifa a garin nan
amma bai taɓa ganin cikin filin ba sai a talabijin.

Aka ci mu biyu ba ko ɗaya.
Telmo ya yi kuka fiye da ni, ban san dalili ba.
A jirgi ina ta shirya abin da zan gaya wa tsohon.

Ƙarfe ɗaya na dare, gidan burodi fitila tarwai.
Baba bisa buhun fulawa, ƙafa a kan kujera,
tsofaffin unguwa biyar sun kewaye shi,
yana zana musu da yatsa a kan teburi
inda ɗan bayanmu ya kamata ya tsaya.
Gyalenmu ja da fari na wuyan Ermelinda.
Ta buɗe baki za ta ce mini sannu,
muryar ta dushe.

Da za mu tafi ya biya ta har da tsabar ƙarshe.
Gwangwanin ya bar mata a bakin taga,
ta ce zai yi kyau da shukar na'a-na'a.