Kujerar Arewa

Ƙarfe biyu na dare a Lodz.
Jirgin titi na ƙarshe ya wuce yana jan ƙafa,
ƙanƙara ta like bakin taga.
Na kunna kwamfuta,
na zauna Kudu, inda na saba.

Gabas inji ne, Yamma inji.
Arewa ma inji,
a kujerar da Leokadia ta ɗumama
shekara arba'in da ɗaya,
kowace Alhamis, a ɗakin Walenty mai gyaran agogo,
shayi da lemon tsami a kofin gilashi,
karta ta yi laushi kamar tsohon ƙyalle.

Sha uku a hannuna.
Na taya: zuciya ɗaya.
Kafin in ƙifta ya amsa: shebur biyu,
har da ɗan akwati mai bayani,
maki kaza, tsawo kaza, kada ka tsaya.
Ba ya ɓoye komai, bawan Allah,
cikinsa a tafin hannu yake.

Ita kuwa in ta ce shebur biyu
sai na saurari abin da ke bayan maganar:
ko ta ja numfashi,
ko ta gyara tabarau da ɗan yatsa,
ko har yanzu tana fushin
kuɗin gawayin da na kai wa masu doki.
Doka ta hana, na sani.
To wace doka ke raba ido da gira?

Injin ba ya mantuwa.
Ya san wace takwas ta faɗi a zagaye na uku,
ya ƙirga abin da ya rage a hannun kowa
tun ina neman inda na aje cokali.
Jiya ya yar da sarkinsa ƙarƙashin nawa,
na zage shi da sunan kakansa,
sai can a zagaye na goma
na ga ƙofar da ya buɗe mini.
Na ce yi haƙuri.
Ga allo na ce wa yi haƙuri, ni Zenon,
da ban taɓa furta ta a teburin Walenty ba.

Yau sai na ce bari in gani.
Hannuna ba kitse, ba romo,
na taya zuciya bakwai,
alkawarin cinye duka sha ukun,
irin na mai gina rumbu bai share gona ba.
Yamma ya ninka.
Arewa ya shimfiɗa kartarsa a fili.
A nan garin, hannun da aka shimfiɗa
kaka muke kiransa:
yana zaune, ba ya magana,
sai abin da aka ce ya jefa.

Na nemi sarauniya a Gabas, tana Yamma.
Kullum tana inda ban duba ba.
Na faɗi da huɗu.

Na jira.

Da ita ce, da ta kife karta a hankali,
ta ce, Zenek, kanka ɗaya kuwa?
Da mun taka titin Piotrkowska har gida
tana lissafa mini zunubaina ɗaya bayan ɗaya,
hannunta cikin aljihun kwat ɗina
don nata safar ta ɓata tun kaka.

Arewa bai ce uffan ba.
Ba tsaki, ba harara.
Lamba ta hau gefen allo, ja wur,
an sake rabawa
tun ajiyar zuciyata ba ta sauka ba.

Shayi ya huce.
A ƙasa wani yana kankare gilashin mota.
Na jera sababbin sha ukun,
jajaye gefe, baƙaƙe gefe,
kamar yadda ta koya mini.
Arewa ne zai fara tayi.
Ya ce ya wuce.