Wankin Kaset

Daga Unguwar Juma na ɗauko su
cikin kwalin sabulu da gara ta ci gindinsa:
faifan garmaho bakwai, ɗaya ya tsage,
kaset goma sha uku, rubutun Baba a goshinsu,
wani da boko, wani da ajami.
Na hau mota a Ƙofar Doka
na rungume kwalin kamar mai kai jinjiri asibiti.

Shagon Ɗalhatu yana Sabon Gari,
bayan masu cajin batir, dab da layin dogo.
Yaro ne, bai cika talatin ba.
Ya hure faifai, ya goge shi da gefen riga,
ya ce, "Baba, wannan ai ya girme ni."
Na ce, "Ya girmi auren iyayenka."

Allura ta sauka, ta yi ta ƙas-ƙas
kamar gyaɗa a kasko,
sannan kukuma ta fito daga ƙarƙashin ƙura
tana ɗingishi a inda faifan ya ji ciwo.

Kaset na tara zarensa ya zubo
kamar hanjin kaza.
Ɗalhatu ya zura biro a idonsa
yana juyawa, yana juyawa,
har ya mayar masa da cikinsa.
Ya danna.
Goge ne, Baba ya ɗauka daga bakin rediyo
wani daren damina, shekarar da aka sa mana kwano.
Ga ruwa yana dukan rufi.
Ga ƙofar langa-langa tana kuka.
Can baya kuma, ƙasa-ƙasa, wata murya:
"Malam, rage abin nan mana,
yaron nan bai runtsa ba."

Ban ce komai ba.
Na dubi titi, na ƙirga babura huɗu.
Wa zai gaya wa ɗan cikinsa
cewa yaron nan shi ne mai furfurar nan?

"Jibi ka dawo," in ji shi.

Jibi na dawo.
Ya miƙo faifan sidi mai sheƙi kamar sabuwar tasa,
yana murmushin wanda ya iya aiki.
"Na wanke maka shi tas a kwamfuta.
Duk hayaniyar nan na kwashe ta."
Goge ya tashi garau, kamar ruwan randa.
Ba ruwan sama. Ba ƙofa.
Na jira wurin, na san wurin,
ya zo ya wuce, fayau.

Na ce, "Ɗalhatu, ina Inna?"
Ya ce, "Wace Inna?"
Na ce, "Mai goge na kowa ne, ɗana.
Dattin da ka zubar shi na kawo."

Ya cire hula ya sosa kai.
Ya sake ɗora tsohon kaset, hannunsa na rawa,
zaren kuwa ya ga ya gaji, ya tsinke.
Da reza ya gyara bakin biyu,
ya ara jan farce wurin mai shagon gefe,
ya liƙa, muka zauna muna hura masa iska
har jirgin kaya ya wuce, ya girgiza mana benci.

Kalma ɗaya ta tafi a wurin ɗinkin.
Yanzu ba ta cewa "Malam".
Daga "rage" take farawa,
sai ka ce da ni take.

Ya ƙi karɓar kuɗin aiki na biyu.

Da dare nakan saka shi, in iyali sun kwanta.
Minti goma sha ɗaya nake haƙuri da mai goge.
Sai ta yi magana.
Abin da ban lura ba a shago, shi ne wannan:
Baba ya ji.
Kiɗan ya yi ƙasa, ya yi ƙasa,
ya manta bai kashe rikoda ba.
Sauran zaren duk ruwa ne a kan kwano,
da tarin wani yaro,
da tafin hannu yana bubbuga baya
a hankali,
har kaset ya ƙare.