Awa Ɗari da Sittin

Shekara goma sha huɗu ina laluben jijiya a Iloilo,
ta jariri mai hannu kamar tsinken tsintsiya,
ta masuncin da gishirin teku ya jeme wa fata.
Ko an ɗauke wuta, yatsana ya san hanya.
Yau ga ni a Bremerhaven, gidan kula da tsofaffi,
allura na cikin kabad,
makullin na rataye a wuyan wata.

Femke ake kiran ta, shekarunta ashirin da uku.
Ba ta da laifi. Hatimi gare ta.
Ni kuwa fayil gare ni, mai kaurin bulo:
shaidar cewa an haife ni,
shaidar cewa ban taɓa kwana a caji ofis ba,
jerin darussa, da fassararsu,
an buga wa fassarar hatimi,
an kuma buga wa hatimin hatimi.
Kafin takarda ta ƙarshe ta iso
ta farko ta tsufa ta mutu, sai a sake nemo ta.

Na buga wa magatakardar makarantarmu waya,
ta ce, Luzviminda, sai haƙuri,
ruwan guguwa ya kwana a ɗakin ajiya,
shekararki ta biyu ta dame kamar kunu.

Wasiƙar ofis ta zo ran Laraba.
Wai sun auna karatuna da nasu, bai cika mudu ba:
saura awa ɗari da sittin
a fannin kula da tsofaffi.
Na ninke ta huɗu na soka a aljihu,
na koma cuɗa bayan tsohuwa ta tara tun asuba.

An ce sannu ba ta hana zuwa.
Wanda ya faɗa bai taɓa biyan haya
da albashin mataimakiya ba.

A ɗaki na sha biyu akwai Eckhard,
wanda ya ƙare ƙuruciyarsa wajen waldar jiragen ruwa.
Shi ke gyara mini Jamusanci,
harshen da ke ɓoye aikatau sai ƙarshen zance
kamar marowaci da tsoka a gindin tukunya.
In na yi kure ya buga cokali a tebur,
in na dace ya yi kamar bai ji ba.

Wani dare, uku da rabi ta gota,
na ga bakinsa ya karkace
kamar hoton da ƙusa ɗaya ta saki.
Femke ta ce magagin barci ne.
Na ce a'a.
Na ce ɗaga hannunsa ki gani.
Duk ƙa'idar nahawu ta zube mini a ƙasa,
amma kira motar asibiti ya fita sarai.

A rahoto an rubuta sunanta.
Ni aka ce: mataimakiya ta lura.

Bayan mako uku ya dawo, dama ta ƙi aiki.
Da hagu ya ja takardar goge baki,
ya ɗauki kusan minti goma kan kalma uku:
Wannan ta iya.
Ya ɗora kofin gahawa a kai, ya danna, ya ɗaga,
sai ga da'ira ruwan ƙasa, ba ta ma haɗe ba.
Ya ce, ga hatimi.

Ran Litinin zan shiga aji
a koya mini juya mutum-mutumin roba kada ya yi gyambo.
Zan je, zan zauna a gaba.
'Yata Amihan ta tambaye ni jiya,
Mama, kin zama nas ɗin?
Na ce mata ana ruwa a nan,
kin ci abinci?

Takardar Eckhard tana cikin fayil,
tsakanin shafi na arba'in da na arba'in da ɗaya.
Ita kaɗai ce ban kai a fassara ba.