Tsibirin da Babu Ruwa

Nazifi ya aiko min hoto daga can,
wani ɗan tsibiri, in ji shi,
wanda in ka hau keke da asuba,
kafin la'asar ka zagaye shi kaf,
ka dawo inda ka zubar da ɓawon gyaɗarka.

Na ƙura wa hoton ido a shagona na bayan kasuwar Daura,
keken surfani na kwance kamar mai masassara,
yau kwana tara ba a kawo wuta ba,
ga shaddodin mutane jibge, Sallah saura mako biyu.

Ya ce da can jirgin ruwa ke kai masu mai,
wata-wata, kamar albashi.
Wata shekara teku ta murtuke,
jirgi bai zo ba,
kifi ya ruɓe a hannun masunta,
ungozoma ta yanke cibi da hasken waya.
Sai suka zauna, suka yi doka wadda ba ta cika shafi ba:
kowane rufi ya ɗauki rabonsa na rana,
abin da ya yi saura a sayar wa maƙwabci,
kada a karɓi kuɗin fito kan batir ko farantin sola.

Na ce, Nazifi, ai mu ma tsibiri ne,
ruwa ne kawai bai kewaye mu ba.
Da magariba duhu ke cikowa daga wajen Sandamu,
ya haɗiye Unguwarmu har wuya,
sai ɗan kwan mai shayi ke lilo kamar kwale-kwale.
Jirginmu tanka ce mai tahowa daga kudu,
ranar da ta kwana a hanya
galan ya zama ɗan sarki, a bi shi da layi.

Ga rana kuwa!
Wadda ke dafa ƙwai a kan kwanon rufi,
ta busar da tattasan Lantana kafin azahar,
ta koɗar da alamar shagona har sunana ya ɓace.
Kullum tana zuwa ba a aika mata ba,
ta wuni a ƙofarmu kamar baƙon da ba a ba ruwa ba,
ta tafi da kayanta.
Ga ƙoshi, ga kwanan yunwa.

Sau biyu masu farar mota suka zo.
Sun auna iska, sun auna fili,
sun sha furar gidan Mai Unguwa Ila,
sun ce takarda na kan teburi.
Ban san teburin ba, amma na tabbata yana da faɗi,
tun ɗiyata Sahura na rarrafe,
yanzu ita ke kawo min abinci shago.

Jiya na sayar da tunkiyar da nake kiwo,
na karɓi faranti biyu wajen Habu, rabi bashi,
batir na hannu, wai daga motar da ta yi haɗari.
Guntun gatarinka, ka san sauran.
Tattabarun maƙwabci sun riga sun sa masu hannu,
na hau da tsumma na goge.

Da hantsi keken ya yi tari, ya motsa.
Na yi wuyan riga ɗaya da rabi
kafin gajimare ya gifta, ya tsaya cak.
Lantana ta leƙo da robar zoɓo,
ta ce ko akwai saura da zan sayar mata?
Na ce babu doka tukuna, babu ma saura,
amma kawo wayarki.

Nazifi, in ka shiga wajen masu dokar nan,
roƙar min shafin.
Ko ba su fassara ba,
akwai malamin makaranta a layinmu.